Babi na Shida: Minti Goma Sha Biyar

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya a tsakiyar hunturu, da zarar ya hau gadar Tamburawa a ƙasar Dawakin Kudu, in ya leƙa ƙasa zai ga kogin Challawa ya janye ya bar faffaɗan rairayi, ga tifofi a bakin gaɓa, ga samari da shebur suna loda yashi. In ya ƙara gaba ya shiga ƙasar Kura sai launin duniya ya sauya masa. Ko'ina a Arewa ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe sama, amma nan kore ne shar: alkama, albasa, masara, da tumatirin da ake jerawa a kwanduna a Kwanar Gafan ana jiran motocin Legas.

Wannan koren daga Tiga yake zuwa. An gina madatsar a kan kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Daga nan ruwa yakan gangaro zuwa Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi yamma wajen Garun Malam da Kura, ɗaya ya nufi gabas wajen Bunkure, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa fangalin manomi. Babu injin da ke tura shi, gangaren ƙasa ne kawai. Injiniyoyin wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ne suka yi nazarin aikin, aka tsara zangon farko a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi.

Ruwa ya zo, arziki ya biyo shi. Abin da bai biyo shi ba shi ne sanin ruwa. Mutanen wannan ƙasa ba Sarkawa ba ne, ba Kabawan Argungu ba ne da ake haifar yaro a bakin gulbi ya tashi da gora a ƙirji. Manoma ne da masaƙa da marina. Da rini aka san Kura tun da can, har baƙin rawanin nan mai sheƙi ya ɗauki sunan garin. Ruwan da kakanninsu suka sani shi ne na rijiya, na karofi, na kududdufi, da kogin da ke kawowa da damina ya ƙafe da rani. Cikin 'yan shekaru sai ga ruwa mai gudu, mai zurfi, yana ratsa bayan gida wata goma sha biyu. Yara suka mai da shi wurin wanka, 'yan mata wurin wanki, 'yan acaɓa wurin wanke babur, makiyaya mashaya. Ruwan kuma yana ci, ɗaya-ɗaya, shekara bayan shekara.

Ɗaya-ɗayan nan ne matsalar. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, duk ƙasa ta ji, gwamnati ta yi magana. Amma yaron da ya zame a kanal da la'asar, ko ɗan yashin da gaɓa ta rufta masa, labarinsa ba ya wuce zaman makoki. A ce kwanansa ne ya ƙare, a yi addu'a, a watse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mafi yawansu irin wannan mutuwar suka yi, ta ɗai-ɗai.

Akwai wasu mutane da suka ɗauki irin wannan mutuwa suka zauna suka yi mata ƙididdiga minti bayan minti, kuma ba masunta ba ne. Masu wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Wasa ne da mutum kan ɗaura wasu dogayen alluna sirara a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, ya sulalo daga saman tsauni. Ba na Turai kaɗai ba ne: ana yin sa a Ukaimedan da ke tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh, ana yi a Lesotho, kuma Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a wani nau'insa a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022. Galibin masu wasan a kan hanyar da aka daddale da inji suke bi, can mafi yawan haɗarin karaya ne da targaɗe. Waɗanda suka ƙware kuwa ba abin da suke so irin su bar hanya su shiga sabuwar dusar da ta kwana tana zuba, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wadda kan kai mutum ƙugu ko ƙirji. A nan ne ake mutuwa, kuma ba sanyi ne ke kashewa ba. Numfashi ne ke yankewa.

Hanya ta farko ita ce zaftarewa. Dusa tana zuba ne hawa-hawa, wata a kan wata, kuma ba kowane hawa ke kama na ƙarƙashinsa ba. A gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke hawan sama, faɗin fili guda ya taso gaba ɗaya ya yi ƙasa da shi. Da ta tsaya sai ta cure ta yi tauri, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Ranar 17 ga Fabrairu 2012 haka ta faru da Yarima Friso, ɗan Sarauniya Beatrix ta Holan, a Lech ta ƙasar Austiriya. Ranar an yi gargaɗin haɗari a mataki na huɗu cikin biyar. Yana ɗauke da na'urar da ke nuna inda mutum yake, masu ceto suka zo da jirgi mai saukar ungulu, amma kafin a tono shi an haura minti ashirin. An farfaɗo da zuciyarsa, ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta lalace. Bai sake dawowa hayyacinsa ba har ya rasu ranar 12 ga Agusta 2013 yana da shekara 44. Ɗan sarki ke nan, a ƙasar da ta fi kusan kowace iya irin wannan ceto.

Abin da ya same shi lissafi ya riga ya faɗa. A 1994 likita Hermann Brugger da abokan aikinsa suka wallafa nazarin mutum 422 da dusa ta binne a Suwizalan. Cikin waɗanda aka tono kafin minti 15, kashi 92 cikin ɗari sun rayu. Da aka kai minti 35, saura kashi 30. Tsakanin nan ne iskar da ke gaban fuska ke ƙarewa, mutum ya riƙa shaƙar abin da ya fitar, in ma tun farko dusa ba ta toshe masa baki da hanci ba. Nazarin baya-bayan nan ma ya ƙara rage lokacin zuwa wajen minti goma.

Daga wannan lissafi masu zamiya suka fitar da hukunci mai ɗaci: masu ceto na hukuma, komai saurinsu, sau da yawa gawa suke tararwa. Mai fitar da kai da rai shi ne wanda kuka hau tsaunin tare. Shi ya sa kowa ke goye da kaya uku, na'urar da ke aika sauti ta kuma karɓa, da doguwar sanda mai naɗewa ta caka dusa, da shebur. In ka lura, sanda da shebur ba su da amfanin komai ga wanda aka binne. Naka na abokinka ne, nasa naka ne. Kuma in an iso gangare mai haɗari ba a sauka tare. Ɗaya ya tafi, sauran su tsaya a gefe ido a kansa, don in ta ɗauke shi a san daidai inda aka yi masa ganin ƙarshe.

Hanya ta biyu ta fi kama da tamu, don ba ta da ƙara, ba ta da shaida. A tsaunukan yammacin Amurka da Kanada akwai dogayen itatuwa masu rassa har ƙasa. Rassan sukan hana dusa cika gindin bishiyar, sai a sami rami kewaye da kututture, wani ya fi tsayin mutum, bakinsa a rufe da ganye da sassauƙar dusa. Mai zamiya ya gifta kusa, ya yi tuntuɓe, ya faɗa da ka, ƙafafu a sama maƙale da alluna. Duk motsin da ya yi sai ya ƙara zubo wa kansa dusa. An gwada da masu sa kai, aka zura su cikin irin wannan rami da masu ceto a tsaye a kansu: tara cikin goma sun kasa fitowa da kansu. Kuma da yawan waɗanda suka mutu a haka ba su kaɗai suka fita ba. Suna da abokin tafiya, sai dai abokin ya riga ya sauka, yana gindin tsauni yana jira, yana tsammanin ga shi nan tafe.

Duk wanda ya taɓa zaman makokin yaron da ruwa ya ci ya ji irin wannan magana daga bakin abokansa. "Yanzu-yanzun nan muke tare da shi." "Na ɗauka ya riga mu fita." "Mun ga takalminsa da rigarsa, muka ce ko ya zagaya ne." Yara goma a cikin ruwa kowa na wasansa, babu mai kallon wani, wannan ba rakiya ba ce. Rakiyar da ke ceto ita ce a ce wane kai ne a gaɓa, ba ka shiga sai wane ya fito, kuma aikinka ƙirga kawuna.

Dalilin da ya sa sai an sa ido shi ne nutsewa ba ta da ihu. Abin da muke gani a fim, mutum na ɗaga hannu yana kiran a taimake shi, na wanda bai fara nutsewa ba ne. Wani mai tsaron masu iyo a bakin tekun New York, Frank Pia, ya ɗauki hotunan mutane suna nutsewa na gaske kafin a ciro su, ya nuna abin da ke faruwa: jiki a tsaye cikin ruwa, kai a karkace baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na dukan ruwa a gefe. Ba ya iya magana, don ɗan lokacin da baki ya fito bai ishe shi ko shaƙar iska ba. Tsakanin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya tafi. Uwa na iya zama a gefen kanal tana cuɗa wanki, ɗanta na nutsewa taku biyar daga inda take, ta ɗauka wasa yake. Yaron da ke ruwa yana surutu lafiyarsa lau. Wanda ya yi shiru shi za a duba. Kuma mintocinmu ba su kai na masu dusa ba, don a ƙarƙashin ruwa babu ko 'yar iskar da ke saura a gaban fuska. Daga minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa. Ko motar 'yan kwana-kwana na fake a cikin garin Kura, ba za ta kai wani sashen gonakin Bunkure cikin wannan lokaci ba. A kira su, a buga 112, amma wani daban ya yi kiran, mai ceto kada ya bar wurin.

Ramin gindin bishiya muna da irinsa a kogi. Inda aka kwashi yashi da rani, rami ne ke saura mai miƙaƙƙen baki. Ruwa ya dawo, ko da damina ko in an saki dam, ya shafe shi, sama ta yi sumul. Mutum na tafe ruwa iya gwiwa, a mashigin da ya saba bi tun yana yaro, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Bakin ramin kuma yashi ne, duk inda ya dafa sai ya zube. Shi ya sa "ai na san wurin nan" ba hujja ba ce a kogin da ake haƙa. Wurin da ka sani bara tifa ta tafi da shi Kano an yi bulo. Tsofaffin Fulani da ba sa tsallaka ruwa sai da sanda a gaba suna dogarawa sun fi mu gaskiya.

Su kansu 'yan yashi haɗarinsu na sama ne. Yashin da ya fi kyau sau da yawa yana ƙarƙashin gaɓa, sai a yi ta ƙwaƙule gindi ana barin sama a rataye, don sauri, don direba na jira, don a kan lodi ake biya. Yashi mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ya kai wajen tan ɗaya da rabi. Ba sai ya rufe kai ba. In ya kama mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar yashi zai matso ya cike gurbin, ba zai iya ja wani ba. Dokar masu dusa ta zauna daidai a nan: kada kowa ya shiga ƙarƙashin gaɓa ɗaya a lokaci ɗaya, wani ya tsaya yana kallo, kuma in ta rufta a tuna daidai inda mutumin yake tsaye. Jama'a kada su taru a saman gaɓar, nauyinsu zai sake karyo ta. A tona daga gefe, a nufi kai da ƙirji tukuna, in an kusa a ajiye shebur a sa hannu. Ba a jan mutum da igiya alhali rabinsa na binne, kuma ba a kawo katafila ta sa haƙori inda ake zaton akwai mutum.

Taɓo kuwa ya fi ban tsoro fiye da yadda yake kisa. In an rufe ruwa don gyara, ko tafkunan da ake tara ruwan dare suka ja baya, yara kan ruga kamun tarwaɗa a cikin laka, wani ya nutse zuwa cinya ya kasa fita. Wani masanin kimiyya a Amsterdam, Daniel Bonn, ya nuna a 2005 cewa irin yashin nan mai haɗiye mutum ba ya iya shanye shi gaba ɗaya, don ya fi jikin ɗan Adam nauyi kusan ninki biyu, iyakarsa ƙugu. Amma fizge ƙafa da ƙarfi daga cikinsa na bukatar ƙarfin da zai ɗaga ƙaramar mota. Ke nan masu ɗaura wa mutum igiya su ja da babur gwiwarsa za su gurɗe. Abin yi shi ne ya kwanta da baya ya baza hannuwa, ya riƙa juya ƙafa ɗaya a hankali har ruwa ya sami hanyar shiga ya sassauta lakar. Masu taimako su shimfiɗa katako, ko tsani, ko dammunan kara, su rarrafo a kai. Babban haɗarin shi ne a buɗe ƙofar ruwa alhali yana maƙale, don haka mutum na farko da za a aika wa shi ne mai kula da ƙofar.

Shi kanal mugun abu ne ga mai iyo, kuma gwanaye ya fi ruɗa. An yi shi ne don ruwa ya wuce ba tare da tsayawa ba. Inda aka shafe shi da siminti gefensa a karkace yake, gansakuka ta lulluɓe shi, babu saiwa, babu dutse, babu abin kamawa. Daga sama ruwan kamar ba ya tafiya, amma gudun mita ɗaya a daƙiƙa ya fi ƙarfin mafi yawan masu cewa sun iya ruwa, in dai gaba da gaba za su yi da shi. Wanda ya faɗa, kuskurensa na farko shi ne ya juya yana neman komawa inda ya zame, ko ya yi ta yaƙushin siminti har ƙarfinsa ya ƙare. Gara ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ya bar ruwan ya tafi da shi yana karkatawa gefe sannu a hankali, har ya sami matakala ko ciyawa ko inda simintin ya fashe. Wuraren da ba a so ya kai su uku ne: ƙofar ruwa, da inda kanal ke nutsawa ƙarƙashin titi ko rafi ta cikin bututu, da inda ruwa ke faɗowa daga tudu. A na ukun ruwan da ya faɗo yakan naɗo ya dawo baya, ya riƙa juya duk abin da ya kama, ga kumfa da ba ta ɗaukar nauyin jiki. Abin takaici, nan ne yara suka fi so, don nan ne ruwa ke wasa.

Sai maganar mai ceto, wadda ita ce ta fi cin rai. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma gaskiya ce tsagwaronta. Mai nutsewa ba ya gane ɗan'uwa, abin hawa yake nema. Yaro ɗan shekara goma na iya danne ƙato. Haka ake yin gawa biyu, wani lokaci uku a gida ɗaya: ƙane ya faɗa, wa ya bi shi, uba ya bi su. A rijiya ma haka ne, inda gurɓatacciyar iska ko hayaƙin injin ban ruwa ke kayar da na farko, na biyu ya shiga ciro shi ya faɗi a kansa. Ba na ce kada a yi jarumtaka ba. Amma jarumtakar da ke da amfani a gaɓa take farawa. A kwanta rub da ciki don kada a jawo ka, a miƙa gora, ko ƙotar fartanya, ko rawani, ko zani. In ya yi nisa a jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Jarkar lita 20 da babu komai a ciki, in murfinta a rufe yake, tana riƙe babban mutum a saman ruwa, kuma babu gonar da ba ta da ita. A kanal mai jifa ya ruga gaba ya tari mutumin, kada ya bi shi a baya. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, ga wanda ya iya, shi ma da jarka a tsakaninsa da mai nutsewa.

An fito da shi, sai kuma wani kuskuren da aka gada. A juya yaro ƙafa a sama, a yi ta matsa masa ciki wai a fitar da ruwan da ya sha. Ruwan ciki ba shi ke kashe shi ba, kuma matsawar na iya turo amai ya koma huhu. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓa, a duba ko ƙirji na motsi. In ba ya numfashi a toshe hanci a hura masa iska a baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, da saurin kusan biyu a daƙiƙa, a hura sau biyu, a koma dannawa, a ci gaba ba tsayawa ana karɓar juna. Ƙaramin yaro da hannu ɗaya, jariri da manyan yatsun hannu biyu. Na san akwai masu jin nauyin sa baki a bakin wanda ba muharraminsu ba. Wannan tambaya ce da ya kamata limamai su amsa a kan mumbari tun kafin ranar ta zo, don a bakin kanal babu lokacin neman fatawa, kuma hukuncin lalura ba ɓoyayye ba ne a fiƙihu. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, musamman da hunturu, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, don huhun da ruwa ya shiga na iya rikicewa bayan 'yan sa'o'i.

Game da masu cewa wuri kaza akwai mutanen ɓoye, duk shekara sai sun ɗauki mutum, ba zan yi musu da kowa ba. Iyaye da yawa da wannan suke hana yara zuwa, kuma in ya hana, madalla. Illarsa ɗaya ce: in an yarda aljani ne ya ja shi, ba wanda zai je ya duba ya ga cewa a daidai wurin akwai ramin yashi, ko bakin bututu da babu raga. Wurin da ke ci duk shekara yana da dalilin da za a iya aunawa da sanda.

Ƙananan yara kuwa, waɗanda ba su kai zuwa kanal da ƙafarsu don wanka ba sai dai su ɓace daga ido, maganinsu ya fito daga Bangaladash, ƙasar da ruwa ya fi kowace cuta kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. A can an lura yawancin yaran da safe zuwa azahar suke faɗawa, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki, kuma a 'yan taku kaɗan daga gida. Sai aka tara yaran unguwa a ɗaki ɗaya daga ƙarfe tara zuwa ɗaya, ƙarƙashin kulawar mata biyu da aka horar. Nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin yaran da ke zuwa. Manyan yara kuma aka kafa musu dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye ana koya musu iyo da ceto daga gaɓa. A wurinmu lokacin dashen shinkafa da tsinkar tumatir, sa'ad da gida ke watsewa a bar yaye a hannun 'yar shekara bakwai, shi ne ya fi kama da wannan. Koyon iyo a kanal dai ba shawara ba ce, ga igiyar ruwa ga tsargiya, amma masuntan Tiga da na Bagauda suna nan, kuma ba a rasa wurin da za a killace.

Sauran aikin na ƙarfe ne da siminti, kuma ba shi da tsada. A manyan hanyoyin ban ruwa na yammacin Amurka akan kafa matakalar ƙarfe a jikin kanal bayan kowane ɗan nisa, a shafa mata fenti mai haske, a gicciya igiya mai balan-balan kafin kowane bututu da kowace ƙofa, a sa raga a bakin bututun a karkace yadda ruwa zai turo mutum sama maimakon ya manne shi. Aikin gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tara kuɗin ruwa suna yashe ƙananan hanyoyi. Su suka san kowace kwana da kowace ƙofa, su suka san inda aka taɓa ciro gawa. Ƙungiyar sashe ɗaya na iya zama ta lissafa wuraren nan, ta kai wa hukuma, ta nemi izinin kafa matakala, don jikin babban kanal ba na kowa ba ne da zai fasa. 'Yan agajin Fityanu da na Izala da na Jama'atu, da ke tsare sahu a kowane masallacin Juma'a daga Dawakin Kudu zuwa Bunkure, rana ɗaya ta ishi Red Cross ta koya musu hura iska da danna ƙirji. Jarka da igiya mita ashirin a rataye a kowace ƙofar ruwa kuwa ba sa jiran izinin kowa. Za a sace wasu, sai a huda jarkar a wuya a cika ta da soson da ba ya shan ruwa yadda ba za ta yi wa ɓarawo amfani ba. Matakalar kuma lokacin kafa ta shi ne makonnin da ake rufe ruwa don yashe kanal, sa'ad da siminti ke bushe, mai walda zai iya sauka har ƙasa.